Ɗana, Kafin Ka Hau Jirgi

Ɗana, na ji kana shirin tafiya Umra, daga can kuma ka biya Dubai ku ɗan huta kai da iyali. Allah Ya kai ku lafiya. Hutu ba laifi ba ne, jiki ma yana da haƙƙi a kanka. Sai dai ka zauna mu yi magana a kan mutanen da suke sayen kayanka, domin tafiyarka ta shafe su.

Ka tuna da ɗan sarin nan da yake tasowa daga Maraɗi ko Damagaram, ya kwana a hanya, ya shigo Kantin Kwari da kuɗin dila biyu na atamfa. Ya iso ya tarar da yaro yana cewa, "Alhaji ba ya nan, ban san yaushe zai dawo ba." Ya kira layinka, a kashe. Mutumin nan ba zai koma gida hannu rabbana ba. Zai leƙa shagon maƙwabcinka, in aka yi masa ragin da ya ji daɗi aka haɗa masa da ruwan sanyi, to ka yi ta jiran sa. Bai ji haushin tafiyarka ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne ba ka ga ya isa ka sanar da shi ba.

Saboda haka aikin yana farawa tun kana gida. Manyan abokan cinikinka ka kira su da bakinka, ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa musu ranar tafiya da lokacin da kake sa ran dawowa, da sunan wanda ka bari a madadinka. Wanda kake bi da wanda yake bin ka, ku daidaita a rubuce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma matafiyi ya fi kowa bukatar aiki da ita.

Wakilin nan shi ne gaɓar maganar. Da yawa muna barin yaro a shago amma mu tafi da iko a aljihu, ko ragin naira ɗari sai ya nemi Alhaji. Wannan gadi ne kawai ka bar masa. Ka yanka masa iyaka: ga inda zai iya ragi ya tsaya, ga waɗanda ake ba kaya bashi da adadin da ba za a wuce ba, ga waɗanda sai kuɗi hannu ko da sun rantse cewa sun yi magana da kai. Irin waɗannan masu rantsuwa suna yawaita ne daidai lokacin da aka ji maigida ya yi nisa.

Sannan batun waya. Kada ka cire layinka na gida ka jefa a jaka don ka sayi na STC ko Mobily, domin a kansa alat ɗin banki yake shigowa. Ka tabbatar zai yi aiki a waje, ko manhajar bankinka tana buɗewa, don yaro ya riƙa tambayarka ko kuɗi sun shigo kafin ya saki kaya. Masu alat na bogi ba sa hutu. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da tsohuwar lambarka ko ka sauya layi, amma ka sani a Dubai kiran murya ta cikinsa a toshe yake, saƙo ne yake wucewa. Ka gaya wa mutanenka su riƙa turo saƙon murya.

Ban ce ka mai da Harami ofis ba. Abin kunya ne a ga mutum a sahu yana rigimar farashin shadda. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, na Dubai da awa uku, ke nan in ka idar da Isha'i a Makka, a Kano ba a daɗe da tashi daga kasuwa ba. Ka ware rabin awa a lokacin, ka ji rahoton yaro, ka amsa saƙonni, ka kashe waya ka koma ga abin da ya kai ka.

Wani abu kuma, sanar da abokan ciniki daban, shela a Facebook daban. Hoton filin jirgi da kake marmarin sawa, ɓarawo ma yana gani, kuma yanzu ya san gidanka ba namiji. Ka adana hotunan sai ka dawo.

In Allah Ya dawo da kai, kafin rabon dabino da zamzam, ka zauna da yaro ku bi littafi shafi-shafi. Duk wanda ya zo bai samu biyan bukata ba, shi za ka fara kira.