KIFIN KOGI NA KOWA NE, TO HANYAR ZUWA GARE SHI FA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, mas'alarmu ta wannan mako daga bakin ruwa ta fito. Duk wanda ya san ƙasar Kura da Bunkure ya san yadda ta sauya tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwan Kogin Kano ta manyan kanal zuwa Kadawa da kewayenta. Filin da a da in kaka ta wuce sai a bar wa dabbobi su ci kara, yanzu rani da damina ba ya rabuwa da shinkafa ko alkama ko tumatir. Albarka ce babba, amma ta zo da tata rigimar. Masunci zai saɓo birgi ko fatsa ya nufi kogi, sai ya tarar fangali ya kai har gaɓa. In ya ratsa, mai gona ya ce an keta masa haddi. In ya koma, iyalinsa su kwana ba tuwo. To, wa ke da gaskiya?

Asalin hukunci dai yana wajen masunci. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da Musulmi suke tarayya a kansu. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun ambaci kifi da sunansa. Shehu Halilu, a babin raya matacciyar ƙasa na Muhtasar, ya nuna cewa ba a hana mutum kama kifi ko da ruwan yana cikin mallakar wani ne, duk da akwai saɓani a kan wasu rassan mas'alar. Dalilin a fili yake: kifin kogi ba shi da mai shi sai wanda ya kama shi, kamar tsuntsu a sama. Manomi ya yi huɗa, ya sa taki, ya biya kuɗin ruwa, amma bai shuka tarwaɗa ba, bai kuma ciyar da karfasa ba. Saboda haka wanda ya tsare gaɓa yana cewa sai an ba shi wani abu kafin a jefa ƙugiya, yana sayar da abin da bai mallaka ba ne.

Sai dai masu sharhi sun ɗora sharaɗi, kuma a nan ne masunta da yawa suke toshe kunne. In shigar mai su za ta ɓata shuka, ko ta sa ya leƙa iyalin mai wuri, to mai wuri yana da ikon hana shi. Wanda bai taɓa noman rani ba zai ɗauka taku ɗaya ba kome ba ne. Alhali kuwa kunyar fangali laka ce aka tara da hannu. In ƙafa ta rushe ta da dare, ruwan da manomi ya jira kwanaki kafin layi ya zo kansa sai ya tsiyaye zuwa gonar maƙwabci, irin da aka dasa jiya ya kwanta. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma wanda ya ɓata ya ranka, ko da gangan ko da kuskure. Balle mai zuba guba a ruwa don kifi ya taso, wannan ba ya cikin zancenmu, ɓarna ce tsantsa, Dokar Kamun Kifi ta 1992 ma ta hana.

Dokar ƙasa ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta bai wa kowa damar yin su a ruwa muddin bai saɓa wa wata doka ba, amma ba ta ba shi lasin taka shukar kowa ba.

Inda mas'alar ta yi tsauri shi ne idan gonaki suka haɗe baki ɗaya, babu ko siririyar hanya. A nan kowane manomi zai iya cewa shi shukarsa kawai yake karewa, kuma da gaskiyarsa, amma in aka tara gaskiyarsu duka sai a ga an rufe kogi ruf, an hana abin da shari'a ta ce kada a hana. A ganina laifin yana wuyan wanda ya fara nome hanya. Malamai sun san abin da ake kira harimi, watau ɗan filin da ake bar wa rijiya ko kogi domin masu zuwa ɗiba da shayarwa, kuma babu mai ikon raya shi ya mai da shi nasa. Kakanninmu ma sun bar burtali saboda shanu, sun bar mashaya. Ban ga dalilin da masunci zai fi saniya rashin gata ba. Lalle ne mai unguwa da sarkin ruwa su zauna da manoma tun kafin a yi dashe, a shata inda za a bi. Shi kuwa masunci ya tsaya a kan abin da aka shata, in ya ga mai gona ya yi masa sallama.

Akwai abu guda da ya kamata a ware, domin yanzu masu kiwon kifi sun yawaita. Wanda ya haƙa tafki a gonarsa, ya sayo 'ya'yan kifi ya zuba, yana ciyar da su, wannan kifi dukiyarsa ce kamar akuyarsa a turke, ko da ruwan daga kanal ya jawo shi. Mai jefa birgi a ciki ba da izini ba, dukiyar wani ya ɗauka, sai ya mayar ko ya biya.

Wallahu a'alamu.