Ɗaga Hannu Ma Shaida Ce

 'Yan uwa mazauna wannan unguwa, ga wata tambaya da muke so mu duba tare. Idan aka yi shela cewa iyaye su hallara a makarantar firamare don zaɓen 'yan kwamiti, wanda ya yi zamansa a shago ko ya wuce gona, akwai laifi a kansa? Wanda kuma ya je ya ɗaga hannu ga mutumin da ya san bai cancanta ba, don kawai maƙwabcinsa ne ko surukinsa, shi fa yaya matsayinsa?

Kafin hukunci, sai mu fara sanin abin da ake zaɓa. A shekarar 2004 aka yi dokar ilimin bai-ɗaya, wadda ta ce karatun shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro a Nijeriya. Dokar ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, hukumar UBEC a Abuja ke raba shi, jiha kuma sai ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Daga Abuja sai hukumar jiha a Minna, daga Minna sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Mashegu, daga nan sai hedimasta. Tsani ne mai tsawo, kuma wanda ke samansa ba ya ganin rufin ajin da ke yoyo a Kaboji ko Ibbi ko Sahon Rami. Shi ya sa hukumomin ilimi suka umarci kowace makaranta ta kafa kwamitin gudanarwa daga cikin jama'ar gari, wanda ake kira SBMC.

Wannan kwamiti daban yake da ƙungiyar iyaye da malamai da muka saba da ita. A cikinsa akwai kujerar mai gari ko wakilinsa, da hedimasta, da malami, da wakilan mata, da matasa, da malaman addini, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, har da yaran makarantar kansu. Ba shi ke ɗaukar malami aiki ba, ba shi ke biyan albashi ba. Amma shi ke duba ko malamai suna zuwa, shi ke bin gida-gida a kan yaran da suka daina zuwa, shi ke tsara abin da za a fara gyarawa, shi ke kai kuka ofishin ilimi. Idan tallafi ya zo, ko daga UBEC ko irin na shirin karatun 'ya'ya mata da UNICEF da gwamnatin Birtaniya suka gudanar daga 2012 zuwa 2022, wanda jihar Neja ta kasance cikin jihohinsa, sau da yawa ta hannun wannan kwamiti yake bi. To kun ga akwai kuɗi, akwai yara, akwai amana.

Abin da muke so mu tsayar shi ne: ɗaga hannu a irin wannan taro shaida ce. Da ka ɗaga hannunka ga wane, ka ce ne a gaban Allah da gaban mutane, "Na san shi, zai riƙe amanar 'ya'yanmu." Kowa ya zauna gaban malamai ya san girman shaidar zur, ya kuma san cewa ɓoye shaida ma an hana shi, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Baƙara. Wanda ya ɗaga wa maciyin amana hannu yana sane, ya ba da shaidar da ba gaskiya ba. Wanda ya san mutumin kirki, ya san na banza, ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, ya riƙe shaidarsa a ranar da ake bukatarta.

Mu 'yan kasuwa ai ba sai an koya mana wannan ba. Idan mutum ya zo neman buhu goma na masara bashi, za ka ba shi don yana gaishe ka da safe? A'a. Sai ka tambayi dillalai a Makera, ka tambayi wanda ya taɓa ba shi a Kontagora, ka ji yadda ya biya. Buhun masara ake yi wa wannan bincike. To ina ga yaro ɗan shekara bakwai da zai yini a hannun makaranta har shekara shida?

Akwai masu cewa, "Mu baƙi ne, fatauci da noma suka kawo iyayenmu, wannan harkar 'yan ƙasa ce." Maganar tana da ɗan kamshin ladabi, kuma gaskiya ne cewa zama da Kambari da Nufawa da Fulani da muka tarar yana bukatar girmamawa. Ba mu ce a je a yi wa kowa taron dangi ba, ba mu ce a ƙwace kujeru ba. Amma a duba ajin: ɗan wa ke zaune a ƙasa? Namu da nasu ne tare. Iskar da ta yaye kwanon rufi ba ta tambayar garin kakan yaro. An ce baƙo raɓa ne, to wanda aka haifa a nan, ya aurar a nan, ya binne iyayensa a nan, wace irin raɓa ce ba ta bushewa shekara arba'in? Zuwanmu taron shi ne alamar mun ɗauki garin namu. Kuma idan mutumin da ya fi cancanta Bakambare ne ko Banufe, shi za mu ɗaga wa hannu, ko da ɗan unguwarmu na tsaye a gefensa. Shaida ba ta da ƙabila.

Wasu kuma cewa suke, "Ai boko ne, mu Islamiyya muka sa a gaba." Allah ya saka da alheri. Sai dai yaron da ke zuwa Islamiyya da yamma shi ne dai ke firamare da safe, kuma tarbiyyar da aka ɓata da hantsi da wuya a gyara ta da la'asar. Ungozomar da muke so ta karɓi haihuwar matanmu, da akawun da zai cike mana takarda ba tare da ya cuce mu ba, daga wannan ajin za su fito.

Abu mafi wuya kuwa shi ne kunya. Ga liman, ga mai unguwa, ga alhajin da ya ranta maka jari, an kira sunan wanda suke so, kowa na kallon hannun kowa. Kunya halin kirki ce, ba ma raina ta. Amma kunyar da za ta sa ka yabi wanda ka san ya cinye kuɗin siminti, wannan tsoro ne ya sa rigar kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk da haka, bai kamata a ɗora wa talaka nauyin da ya fi ƙarfinsa ba, tunda akwai hanya. 'Yan uwanmu na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar sun gamu da wannan matsala. Daga shekarar 2004, da taimakon hukumar JICA ta ƙasar Jafan, suka fara zaɓen kwamitocin makarantunsu ta ƙuri'ar sirri, kowa ya jefa tasa ba wanda ya gani, daga baya tsarin ya bazu ƙasar baki ɗaya. Hausawa ne irinmu, masu sarakuna da malamai da surukai irin namu. Me zai hana mu roƙi hedimasta da mai gari a yi haka a nan? Ba sai da takarda ba ma: ƙwarya a rufe ga kowane ɗan takara, ƙwayar wake a hannun kowane uba da uwa, a ƙirga a idon jama'a.

Wa za a zaɓa? Ba lallai mai kuɗi ba, ba lallai mai Turanci ba. A nemi wanda ɗansa ke makarantar, wanda ba ya barin gari wata uku, wanda aka taɓa ba ajiya ya dawo da ita cif, wanda zai iya ce wa malami "ka makara" ba tare da cin mutunci ba. Ma'aji kuwa a nemi wanda ba ya jin haushi idan aka ce ya kawo lissafi. Mu tuna lokacin da Sayyidina Umar ya bar zaɓen halifa a hannun mutum shida a shekara ta 23 bayan hijira. Abdurrahman ɗan Aufu, wanda shi ma ɗan kasuwa ne, ya cire kansa daga takara, ya kwana uku yana jin ra'ayin mutanen Madina, masu tarihi sun ce har mata a ɗakunansu ya tuntuɓa. Saboda haka kujerar mata ba ado ba ce. Uwa ce ta san ranar da yarinya ta fasa zuwa saboda babu makewayi, ita ce ta san yaron da aka kora don kuɗin da ba a rubuta ko'ina ba. A bar su su zaɓi wakiliyarsu da kansu, kada maza su zaɓa musu.

Kuma zaɓe ba ya ƙarewa ranar taro. Wanda ya tsaya wa wani a kan bashi ba ya barci sai an biya. Ƙarshen kowane zango mu nemi a karanta mana nawa ya shigo, nawa ya fita, yara nawa aka rubuta, nawa ke zuwa. Wanda ya yi daidai a gode masa a bainar jama'a, wanda ya kasa a sauya shi cikin mutunci.

Don haka idan aka yi shela, a rufe shago na awa biyu. Cinikin da ya wuce zai dawo gobe in Allah ya so, amma shekarar da yaro ya yi a aji ba malami ba ta dawowa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba yankinmu zaman lafiya, ya sa mu cikin masu faɗin gaskiya ko da a kan na kusa ne. Amin.