HAKKIN BAƘUWAR KYANWA DA NA 'YAR GIDA

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda rahamarSa ta game mutum da dabba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, zancenmu na wannan mako yana kan abin da mutane da yawa suka ɗauka wasa ne, alhali amana ce. Sau da yawa maigida yakan karɓo sabuwar kyanwa saboda ɓarnar ɓeraye, ko ya tsinto 'yar jinjira don tausayi, ga kuma tsohuwa a gidan. Sai ya jefa baƙuwar tsakar gida, faɗa ya kaure, yara su kewaye suna shewa. Ƙarshenta ɗaya ta yi rauni, ko ta ƙaurace wa abinci, ko a gaji a sa ta a buhu a yar bayan gari.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a Shari'a. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da aka yi wa azabar wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi abincinta ba. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun kawo daga Ibn Abbas hani ga haɗa dabbobi faɗa. Malamai sun yi magana a kan isnadinsa, amma babu saɓani cewa cutar da dabba ba da hakki ba haramun ne.

Kyanwa kuwa tana da matsayi a gidan Musulmi. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, ya kuma bayyana wa surukarsa Kabsha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore najasa daga gare ta, domin tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu. Masu tarihi sun ambata cewa Sarkin Masar Zahir Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu domin ciyar da kyanwoyin Alƙahira.

To, yaya za a haɗa su ba tare da zalunci ba? Sai mu fara sanin yadda Allah Ya halicce ta. Kyanwa dabba ce mai kishin wurinta, da hanci kuma take gane nata da baƙo. In ka ga tana goga kumatunta a jikin ƙofa ko ƙafarka, alama take sawa da warin jikinta. Saboda haka hucin da 'yar gida take yi wa baƙuwa tsoro ne, ba mugunta ba, balle a danganta shi da maita ko aljanu. Dukanta a kan haka zalunci ne a kan zalunci.

Abu na farko, a kai baƙuwar wurin likitan dabbobi ya duba ta, ya ba ta maganin tsutsar ciki da ƙuma, ya yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗaukarsa. Sa'an nan a keɓe mata ɗaki, da kwanon abinci da na ruwa, da kasko mai yashi don bayan gida. Wannan keɓewa ba ita ce tsarewar da Hadisi ya tsoratar a kanta ba, matuƙar ana ci da ita, ana shayar da ita.

Bayan kwana biyu ko uku, a shafa tsumma a kumatun kowacce, a ajiye wa 'yar'uwarta ta sansana. A riƙa ba su abinci lokaci ɗaya, ƙofa a rufe tsakaninsu. In sun natsu, sai a ɗan buɗe ƙofar su hangi juna, daga baya a bar su tare na ɗan lokaci, babba yana kallo. In faɗa ya taso, kada a sa hannu tsakaninsu. A gitta faifai ko tabarma, a koma matakin baya. Wasu mako ɗaya ya ishe su, wasu sai sun kwashe watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

A kula kuma da adalci. Kada marmarin sabuwa ya sa a kori tsohuwa daga makwancinta, ko a rage mata rabonta. Yaran da suka tashi suna ganin ana yi wa dabba adalci ba za su raina hakkin maraya da baƙo ba. Wanda kuwa ya san ba zai iya ɗaukar nauyin biyu ba, ya tsaya ga ɗaya, ko ya nema wa ɗayar gidan da za a riƙe ta da kyau.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya ji ƙanmu ranar da za a tambaye mu abin da aka ba mu kiwo. Amin.