Shaidar Gizagizai a Kan Baƙin Rami

A tsakiyar gungun taurarin da ranarmu take ciki akwai wani abu da masana suke kira baƙin rami, sun kuwa raɗa masa suna Sagittarius A*. Nauyinsa ya kai na rana wajen sau miliyan 4, haske kuma yakan yi shekara kusan 26,000 kafin ya iso duniya daga can. Ba a ganin ramin kansa, gama ko haske ba ya kuɓuce masa. Amma iskar da yake janyowa takan yi ta kewaya bakinsa tana gogayya, har zafinta ya kai digiri miliyoyi, sa'an nan ta fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Sararin da ya lulluɓe duniya yana tare wannan haske, shi ya sa aka harba na'urar Chandra sama a 1999 domin ta duba shi.

Abin da aka tarar shi ne, ramin namu mai shiru ne ƙwarai, cinsa kaɗan. Sai dai akwai manyan gizagizai na iska da ƙura a maƙwabtakarsa, masu sanyin gaske, waɗanda bai kamata su ba da hasken eksire ba, ga shi kuwa suna bayarwa. A 2022 masu aiki da na'urar IXPE suka auna inda hasken ya fito, sai ya nuna wajen ramin. Ashe ya taɓa haɗiye abu mai yawa, ya yi walƙiya mai tsanani na ɗan lokaci. Hasken da ya miƙo kai tsaye ya wuce duniya wajen shekara 200 da suka shige, lokacin babu mai na'urar gani. Wanda ya bugi gizagizan ya yi zagaye, sai yanzu yake isowa.

To, wanne ne gaskiyar ramin, shirunsa na yau ko shaidar gizagizai? Tambayar ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Ga maigida wanda ya bar shan giya shekara goma, ya daina ɗaga hannu a kan matarsa, amma ɗansa na fari har yanzu yakan firgita in ya ji an buga ƙofa da dare. Uban yana cewa ana riƙe shi da abin da ya wuce. Dangi kuma, da yake sun fi son zaman lafiya, sukan tsawata wa yaron, wai ba ya yafewa.

Masanan ba su ƙaryata ko ɗaya ba. Sun rubuta cewa ramin ya lafa, sun kuma rubuta cewa gizagizan suna mayar da abin da ya same su ne, ba ƙirƙira suke yi ba. Kuskuren dangi ke nan: sun ɗauka tuban uban da firgitar ɗan ba za su zama gaskiya tare ba. Uban yana da haƙƙi a auna shi da halinsa na yau. Amma ba shi ne zai yanka wa yaron ranar da tsoro zai sake shi ba, tun da ba a jikinsa abin ya sauka ba. Masu lura da gizagizan nan sun ga wani sashe yana dushewa cikin 'yan shekaru, wani kuma a lokacin ne hasken yake kai gare shi.