Ko Mai Kallo Yana Da Alhaki?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke shiga ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya, wanda ake kira kayak, su bi lungunan kogi da fadamu domin kallon tsuntsaye kaɗai. Ba su riƙe da baka ko bindiga, sai madubin hangen nesa da littafi. A ƙasarmu ma baƙi sukan zo fadamun Haɗeja da Nguru, musamman Dagona a Jihar Yobe, inda aka keɓe wuri domin tsuntsayen ruwa. Irin waɗannan mutane sukan ce ba su cuci kowa ba, gama kallo kawai suka yi. Bari mu gwada wannan magana mu gani.

Kwalekwale ba shi da ƙara. Yakan sulale cikin ruwa maras zurfi har ya kai mutum inda ƙafa ba ta iya kai shi, kusa da dinya da kirinjijiya da zalɓe. Amma fa da wannan shirun ne maharbi ke kusantar nama. Tsuntsu kuwa bai san niyyar zuciya ba. Abin da ya sani shi ne wani abu ya matso, sai ya tashi.

Tashin nan ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa daga cikin agwagin da ke cika fadamun nan da kaka baƙi ne daga Turai da arewacin Asiya, sun gudo wa sanyi. Wajen watan Maris tilas su ƙetare Sahara su koma, guzurinsu kuwa kitsen jikinsu ne, wanda suka tara da kiwon kowace rana. Duk sa'ad da aka tashe su, an rage musu guzuri ke nan. Haka kuma zalɓen da ke kwance bisa ƙwai, in ya bar sheƙa ko na ɗan lokaci, rana za ta gasa ƙwan, ko hankaka ya ɗauke. Mai kallo ya koma gida da murna, bai ga ɓarnar ba, domin a bayansa ta faru. Mu dai a ganinmu, rashin ganin ɓarna ba ya wanke mutum, in har yana da halin sanin za ta auku.

Akwai kuma mutanen wurin. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun ta ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A cikin kachalar nan jan baki ke kwana. Baƙo ya ga garkensu ya rufe sama kamar hayaƙi, ya ce bai taɓa ganin abin sha'awa irin wannan ba. Manomin da ke tsaye a bakin gonar shinkafarsa kuwa abincin 'ya'yansa yake gani yana tafiya. In baƙon ya koma ya rubuta cewa a kiyaye tsuntsaye, bai ambaci manomin ba, rabin shaida ya bayar.

Ba mu ce a bar kallo ba, ko kaɗan. Masunci da ke tuƙa baƙo ya san iyaka: in dinya ta daina kiwo ta miƙe wuya, an matsa da yawa, sai a tsayar da kwalekwale a nan, ko da madubin bai nuna launin gashinta sosai ba.