Zumar da Ka Kwasa Abincinsu Ce

Ɗana, matso ka zauna, ba faɗa zan yi maka ba. Iskar da ta ɗage murfin akwatin zumarka ba kai ka aiko ta ba, kuma duk wanda ya zauna Gyadi-Gyadi ya san yadda hadarin damina ke yaye kwanon ɗaki, balle murfin katako. Abin da ya sosa mini rai shi ne aikin da ka yi da gari ya waye. Ka tarar da saƙa a jiƙe, ƙudaje zube a ƙasa, sai ka yanke 'yar zumar da ta rage, ka tace, ka kai kasuwar Tarauni, wai kada a yi biyu babu.

To, ai Agusta muke ciki, tsakiyar marka. Ƙudan zuma ba ya fita kiwo ana ruwa, kuma ruwan yakan wanke zaƙin da ke cikin fure. Abin da ka kwasa shi ne rumbunsu. Ƙudanmu na nan kuwa ba irin na Turai ba ne da ke daurewa a gida ɗaya. Idan yunwa da yawan taɓi suka haɗu masa, tashi yake yi gaba ɗaya ya bar maka akwati fayau. Ga shi na ji kullum sai ka ɗaga murfi ka leƙa. Ka daina.

Ka buɗe sau ɗaya, da yamma lis, da ɗan hayaƙin busasshen kashin shanu ko totuwar masara. Hayaƙi na ce, ba harshen wuta ba. Duk saƙar da ta yi furfura ko take warin tsami, ka yanke ta ka yi nesa da ita, ka narka ta zama kaki. Ka duba lungunan akwatin da kyau. Idan ka ga farin zare ya ratsa saƙa da 'yan baƙaƙen kashi a ƙasa, asu ya shiga, shi kuwa gidan da ya yi rauni yake ci. Saƙar da ta rage ka matsa ta wuri guda, ka tokare bayanta da katako. 'Ya'yan da ke ciki ɗumin kusan digiri 35 suke so, kuma ƙudaje kaɗan ba za su iya ɗumama babban fili ba.

Kada ka wahalar da kanka neman sarauniya. Ɗaga saƙa ɗaya ka karkata ta wajen haske, ka dubi ƙasan ramukan. Idan ka ga ɗan farin abu siriri, ɗaya a kowane rami, ƙwai ne, kuma tunda kwana 3 yake yi ya ƙyanƙyashe, ka san tana nan da ranta. In babu ƙwai babu ƙananan tsutsa, sai ka roƙi saƙa mai ƙwai wajen wanda gidansa ke da ƙarfi. Da kansu za su reni wata cikin mako biyu da ɗan ɗori. In sun yi ƙaranci ƙwarai, haɗa su da wani gida ya fi.

Kuɗin da ka samo, sukari za ka saya da shi. Gwangwani ɗaya na sukari, gwangwani ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Ka sa a ƙaramin kwano cikin akwatin, ka watsa gutsattsarin kara a kai don kada su nutse. Kaɗan-kaɗan, abin da za su shanye kafin ya yi tsami. Kada ka ajiye a waje, ƙudajen wani gida za su ji ƙanshi su zo fashi, shi ya sa ma za ka rage ƙofar ta koma faɗin yatsa biyu. Zumar kwalba ta kasuwa kuwa ban yarda ka ba su ba, ba ka san da me aka gauraya ta ba, ba ka san cutar gidan da ta fito ba.

Kakanninka da amya suke yi, ta ciyawa, a shafe ta da kashin shanu, a ɗaure tamau a tsakanin rassa, ba sa kuma juya bakinta gabas, don daga can hadarinmu ke tasowa. Kai ka ɗora akwati a kan bulo, ƙofa na kallon gabas, murfi ba ko dutse. Ka yi masa ƙafafu, ka tsoma kowace a gwangwanin baƙin mai saboda kwarkwasa da cinnaka, ka ɗan sunkuyar da gabansa ruwa ya riƙa tsiyayewa, ka ɗaure murfin da igiyar roba.

Sannan Gyadi-Gyadi ba daji ba ce. Katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, ga yara na zirya zuwa Islamiyya, ƙudan da ke jin yunwa kuma ba shi da wasa. Ka je ka gai da maƙwabtanka, ka sanar da su ranar buɗewa, ka roƙi su faɗa maka in za su yi feshin sauro. Idan Allah ya sa gidan ya murmure, ka nemi gona wajen Kura ko Dawakin Kudu ka mayar da shi.

Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya kusan kwana 20 ne, don haka kada ka sa ran ganin canji kafin wata guda da rabi. Ranar da ka ga suna tururuwa da ɗorawan garin fure a ƙafafunsu, sai ka fara rage sukari. Gawo zai yi fure bayan ɗaukewar ruwa, mangwaro da hunturu, darbejiya da bazara. Kafin nan wuƙa ba ta shiga akwatin nan, in ta shiga ma sai saƙar da suka liƙe bakinta, rabi kuma ka bar musu.