Albashin wanda ya leƙi takardar abokin karatunsa

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne a Bukkuyum. Shekara uku na yi a wata kwalejin ilimi tare da abokina ɗan Nasarawar Burkullu. Ɗakinmu ɗaya, kwanon garin kwakinmu ɗaya, bayan isha'i mu shiga aji da tocila mu yi ta bita har dare ya raba. Shi ke koya mini lissafi, ni ke koya masa Larabci. Ran jarrabawar lissafi ta ƙarshe kaina ya ɗaure, sai ya karkato mini takardarsa na kwashe amsa uku, da su na haye. Yanzu da takardar NCE ɗin da na samu a kwalejin nake cin albashi, kuma duk sallar da muka haɗu sai mun tuna abin mun yi dariya. Albashina halal ne? Shi ma yana da laifi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka tambaya. Kada Shaiɗan ya ɓata maka shekarun nan uku gaba ɗaya. Zaman da kuka yi kuna haska littafi da tocila ɗaya, wannan ya yi wa wancan ƙari, aikin lada ne in niyya ta gyaru. Buhari ya kawo cewa Sayyidina Umar yana da maƙwabci Ba'ansare, suna karɓa-karɓa wurin zuwa majalisin Annabi (SAW): wanda ya je yau shi zai kawo wa ɗan'uwansa abin da ya ji. Almajiran zaurukanmu ma haka muka tashi, kowa da abokin muzakararsa.

Amma abin da ya faru a ɗakin jarrabawa algus ne, kuma haramun ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tulin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, sai ya barranta daga mai yin algus. Takardar jarrabawa shaida ce cewa abin da ke cikinta yana kanka, kai kuwa ka ɗora busasshen wani a kan jiƙaƙƙen naka. Ko dokar ƙasa ta 1999 kan maguɗin jarrabawa ta sa shi cikin laifuffuka. Abokinka ya yi tarayya da kai, domin aya ta 2 cikin Suratul Ma'ida ta yi umarni da taimakon juna a kan alheri, ta hana shi a kan saɓo. Na san tausayi ya kai shi, sai dai tausayi ba ya halatta abin da aka haramta. Ku tuba ku duka biyu.

Game da albashi, akwai malaman da suka tsananta, suka ce an gina aikin a kan shaidar da ba ta inganta ba. Abin da nake ba da fatawa da shi shi ne wanda aka ruwaito daga Shehu Ibnu Baz (ya rasu 1999): wanda ya tuba, kuma yana tsayuwa da aikinsa yadda ya kamata, babu laifi a abin da yake samu. Dalili, aikin albashi ijara ce, ladan yana kan aikin da aka yi. Kai kuwa ka zauna aji, ka ci sauran darussa da gumin goshinka, ba takardar bogi ka saya ba. Wanda ya sayi takarda bai taɓa shiga aji ba, hukuncinsa daban.

Sharaɗin nan na tsayuwa da aiki shi ne ya fi damuna. Malamin firamare a ƙauyukanmu, daga Gwashi har Zugu, sau da yawa shi kaɗai ke riƙe da aji, lissafin ma shi zai koyar. In ka tsaya gaban allo da alli a hannu, rabawa mai tsawo ta gagare ka, ka tsallake shafin, to yaran nan ne ke biyan bashin amsoshi ukun. Don haka wajibi ne a kanka ka koma ka koyi abin da ka kwafa. Abokinka yana raye, Nasarawa ba nisa. Ku sake zama kamar da, ya koya maka har ka iya.

Dariyar nan kuma ku bar ta. Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda Allah ya rufa wa asiri da dare, gari ya waye ya tona kansa. Ku yi hirar garin kwaki da tocila da malaman da suka yi muku kirki, ku yi musu addu'a. Wannan labarin kada ɗalibanka ko 'ya'yanka su ji shi a bakinka.

Allah ne mafi sani.